Yadda Ake Rage Takin Zamani a Gonar Masara a Cike Gurbinsa da Takin Gargajiya

Masara shuka ce mai ci, kuma duk wanda ya daɗe yana nomanta a gona ɗaya da takin zamani kaɗai zai lura cewa buhunan da suka ishe shi shekaru biyar da suka wuce yanzu ba sa kai shi inda suke kai shi a da. Ƙasar takan yi fari ta yi tauri idan ta bushe, ruwan sama ya riƙa gudu a kanta maimakon ya nutse, yabanya kuma ta fara naɗe ganye da zarar an yi 'yan kwanaki ba a samu ruwa ba. Abin da ya ƙare a irin wannan gona shi ne ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, waɗanda su ne ke riƙe danshi, su sassauta ƙasa, su kuma hana ruwa wanke abincin shuka. Takin zamani ba ya mayar da su, yuriya ma idan aka yi shekaru ana zuba ta ita kaɗai takan ƙara wa ƙasa tsami a hankali.

Na daɗe ina haɗa takin biyu a gonar masara, kuma abin da zan fara faɗa wa mai son gwadawa shi ne kada ya yi gaggawar yanke buhunansa. Takin gargajiya ba ya sakin abincinsa lokaci guda, saboda haka a shekarar farko abin da ake ragewa kaɗan ne, daga kamfa, wato takin NPK, ake rage shi, yuriya kuwa a bar ta yadda take.

Kayan aiki

Ana buƙatar kashin shanu ko na awaki da tumaki ko na kaji, gwargwadon abin da ya sawwaƙa, da busassun abubuwa kamar karan masara da aka sassara, da ƙaiƙayi, da busasshen ganye, sai ɗanyen ganye ko ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba, da ruwa wadatacce. Daga takin zamani ana buƙatar kamfa, wato NPK 15-15-15, da yuriya. Kayan hannu su ne shebur, da manjagara, da fartanya, da baro ko kwando, da igiyar awo, da sanda mai tsini wadda ta kai mita biyu, da tsofaffin buhuna na rufe tari. Sikeli yana da muhimmanci ƙwarai, ko na aro ne, domin duk lissafin da ke tafe a kan nauyi yake. A tanadi littafi da biro kuma, don ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abin da aka zuba a kowane ɓangaren gona har zuwa girbi.

Mataki na 1: A san girman gona da abin da ake zuba mata

A auna tsawo da faɗin gona da igiya, a ninka su. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Manoma da yawa suna kiran gonarsu hekta alhali da kyar ta wuce rabi, kuma wannan kuskure shi kaɗai yana ɓata duk lissafin taki.

Bayan haka a rubuta abin da aka saba zubawa. Buhun kamfa mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowanne daga sinadarai uku: naitirojin mai sa ganye kore da girma, da fosfaras mai ƙarfafa saiwa, da fotash mai ƙarfafa kara da cika tsaba. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa yana da kilo 23 na naitirojin, ba shi da komai bayan wannan. Zan yi misali da manomin da ke zuba buhu 8 na kamfa da buhu biyu da rabi na yuriya a hekta, wanda ya kama kusan kilo 120 na naitirojin da kilo 60 na kowanne daga sauran biyun. Wanda yake zuba ƙasa da rabin wannan tun asali, shawarata gare shi ita ce kada ya rage komai, ya ƙara takin gargajiya a kan ɗan abin da yake iya saye, domin masararsa da yunwa take tun kafin a fara maganar ragi. Idan akwai halin kai ƙasa ɗakin gwaji ta hannun malamin gona, a yi hakan, don sakamakon zai nuna tsamin ƙasar da abin da ta fi rasawa.

Mataki na 2: A zaɓi takin gargajiya

Kashin kaji ya fi ƙarfi kuma ya fi saurin aiki, shi ya sa ya fi saurin ƙona shuka. Na awaki da tumaki yana biye da shi. Na shanu ya fi sanyi, amma ya fi gyara jikin ƙasa kuma ya fi daɗewa a cikinta. Takin da ya fi kyau shi ne wanda aka kwaso daga turke tare da shimfiɗar da ta sha fitsari, saboda kaso mai yawa na naitirojin da fotash ta fitsari yake fita daga jikin dabba. Wanda ya shekara a fili rana na dukansa ruwa na wanke shi, kamanninsa ne kawai suka rage.

A guji takin juji mai leda da kwalba da tsofaffin batura, haka kuma bahaya da ba a sarrafa ba. Kashin kaji da ya cakuɗe da garin katako mai yawa yana buƙatar dogon ruɓewa, domin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da katakon sukan jawo naitirojin daga ƙasa su bar masara tana rawaya.

Mataki na 3: A ruɓar da shi

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ake samun nasara ko a rasa ta. A fara shi aƙalla wata uku kafin shuka. A zaɓi wuri mai inuwa wanda ruwa ba ya kwanciya, kusa da inda za a ɗebo ruwa. A shimfiɗa karare masu kauri a ƙasa kamar tsawon ɗani ɗaya don iska ta samu hanyar shiga, a ɗora busassun abubuwa kamar santimita 20, a yayyafa ruwa, a ɗora kashin dabbobi da ɗanyen ganye kamar santimita 10, sannan a barbaɗa ƙasar saman gona kaɗan. A ci gaba da jerawa haka, ana jiƙa kowane hawa, har tarin ya kai kusan mita ɗaya da rabi a tsayi da faɗi, tsawonsa kuwa gwargwadon yawan kayan. Tarin da bai kai mita ɗaya ba ba ya riƙe zafi. A soka sandar nan a karkace har tsakiyarsa, a rufe shi da buhuna ko busasshiyar ciyawa.

Inda iska ke da bushewa kuma ruwa ke da wuya, a haƙa rami mai zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya a jera kayan a ciki, domin rami ya fi riƙe danshi. Inda ruwan sama ke da yawa kuwa tari a sama ya fi, don rami yakan cika da ruwa ya mayar da takin taɓo mai wari.

Bayan kwana uku zuwa mako ɗaya a zaro sandar a taɓa. Idan ta fito da zafi da laima, aiki yana tafiya, kuma zafin tsakiyar tari mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selshiyos, wanda shi ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan ta fito da sanyi kuma a bushe, ko da farin fumfuna a jikinta, ruwa ya yi kaɗan. Idan warin fitsari mai hawa kai ke tashi, kashin dabbobi ya yi yawa kuma naitirojin ne ke tserewa cikin iska, sai a ƙara busassun abubuwa. Idan kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai ne, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, sai a baje tarin a sake tarawa. Gwajin danshi mai sauƙi ne: a damƙi takin a matse, idan ya dunƙule ya jiƙa tafin hannu ba tare da ruwa ya zubo ba, ya yi daidai.

A juya tarin bayan mako biyu zuwa uku, a mayar da na gefe tsakiya, na tsakiya gefe, domin na gefe bai sha zafi ba kuma irin ciyawar da ke cikinsa yana nan da rai. A maimaita sau biyu ko uku. Taki ya nuna idan ya yi duhu, ya yi laushi yana marmashewa, ƙamshinsa ya koma na ƙasar da ta sha ruwan farko, ba a iya gane abin da aka haɗa shi da shi, kuma ya daina zafi ko an juya shi. A lokacin tarin zai ragu zuwa kusan rabi, saboda haka a tara ninki biyu na abin da ake buƙata. Mai shakka ya cakuɗa takin da ƙasa a cikin tsohon kwano, ya shuka ƙwayar masara goma. Idan suka tsiro lafiya da koren ganye, takin ya isa shiga gona.

Game da toka, mutane suna son zuba ta da yawa a cikin tari saboda tana da fotash, amma idan ta haɗu da ɗanyen kashin dabbobi tana korar naitirojin. Gara a ajiye ta daban a watsa ta a gona ita kaɗai.

Mataki na 4: A yi lissafin abin da za a rage

Tan ɗaya na busasshen ruɓaɓɓen kashin shanu yana ɗauke da naitirojin kimanin kilo 10, wani ya fi haka wani bai kai ba, gwargwadon abincin dabbar da yadda aka adana takin. Daga ciki, abin da masara ke samu a daminar farko bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana fitowa a shekarun da ke biye. Ke nan tan 5 a hekta zai ba da kimanin kilo 15 a shekarar farko, daidai da abin da ke cikin buhu biyu na kamfa, kuma zai zo da fosfaras da fotash da suka isa cike na waɗannan buhuna biyu, tare da ƙananan sinadarai irin su zinki da sulfa waɗanda kamfa na yau da kullum ba shi da su. Saboda haka manomin misalinmu zai sauko daga buhu 8 na kamfa zuwa 6, ya bar yuriyarsa buhu biyu da rabi.

Kashin kaji ya ninka na shanu sau biyu ko uku a ƙarfi, kuma kusan rabin naitirojin ɗinsa yana fitowa a shekarar farko, don haka tan biyu zuwa biyu da rabi a hekta ya isa, har ana iya cire buhu uku na kamfa. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai gane dalilin da ya sa mutumin da ya watsa baro goma a hekta ya daina sayen taki yakan dawo yana cewa takin gargajiya ba ya aiki.

Don sanin yawan da za a kai gona, a cika kwandon da za a yi aiki da shi a ɗora a sikeli. Idan ya ɗauki kilo 20, tan 5 kwando 250 ke nan, wato kwando ɗaya a kowace mita shida zuwa bakwai ta kowace fuska. Jiƙaƙƙen taki ya fi nauyi saboda ruwa, don haka idan da laima a jikinsa a ƙara yawa.

Mataki na 5: A ware wurin gwaji

Kafin a zuba komai, a ware kunya goma a tsakiyar gona, ba a gefe ba kuma ba a ƙarƙashin itace ba, a kafa musu turaku. Waɗannan za su samu cikakken takin zamani kamar yadda aka saba, ba tare da takin gargajiya ba. Iri ɗaya za a shuka musu da sauran gonar, rana ɗaya, a yi musu noma tare.

Mataki na 6: A zuba takin gargajiya a binne shi

A kai takin gona mako biyu zuwa uku kafin shuka, a baza shi da manjagara, a yi kaftu ko huɗa a ranar ko washegari domin ya shiga ƙasa kamar zurfin santimita 10 zuwa 15. Kuskuren da na fi gani shi ne a jibge taki tsibi-tsibi a gona tun tsakiyar rani a bar shi wata biyu ko uku. Rana da iska su kwashe ƙarfinsa, ruwan farko ya wanke ragowar a gindin tsibin, sai ka ga masara ta yi duhu ta yi tsawo a inda aka jibge shi, sauran gonar kuwa tana fama. Idan dole ne a kai shi da wuri saboda abin hawa, a tara shi wuri ɗaya a bakin gona a rufe.

Wanda takinsa bai kai ya baza a gona duka ba yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ya zuba shi a layi cikin kwarin tsohuwar kunya, sannan ya tayar da sabuwar kunya a kansa, ta yadda saiwar masara za ta sauka ta same shi. Ta biyu ita ce zubawa rami-rami: a tazarar santimita 75 tsakanin kunyoyi da 50 tsakanin ramuka, hekta tana da ramuka kusan 26,600, saboda haka cikin tafin hannu ɗaya mai nauyin giram 100 a kowane rami bai kai tan 3 ba. A cakuɗa shi da ƙasa, a rufe da ƙasa zalla kamar kaurin yatsa biyu, sannan a sa iri. Idan ko hakan bai samu ba, gara a raba gonar uku, kowace shekara a ba kashi ɗaya taki sosai, da a barbaɗa shi ko'ina yadda ba zai yi tasiri ba.

Kada iri ya taɓa takin da bai nuna ba. Ni kaina na taɓa zuba kashin kaji wanda bai fi kwana goma da kwasowa ba a cikin ramuka saboda ruwa ya sauka ina gaggawa. Wasu ramukan ba su tsiro ba sam, waɗanda suka tsiro kuwa bakin ganyensu ya ƙone kamar an kara musu wuta, da na tono ɗaya na tarar da saiwar ta yi baƙi ta gajarce. Sai da na sake shuka kusan rabin wurin, na kuma rasa mako biyu na damina. Idan ɗanye kawai ake da shi, a baza shi a binne aƙalla wata ɗaya kafin shuka, kada a sa shi a rami.

Mataki na 7: A ba da kamfa

A shuka bayan ƙasa ta jiƙu sosai. A ba da kamfa a ranar shuka ko cikin kwana 10 zuwa 14 bayanta, kada a wuce haka, domin fosfaras a farkon rayuwar shuka ake buƙatarsa. Buhu 6 a ramuka 26,600 ya kama kimanin giram 11 a kowane rami mai masara biyu. A nemi murfin kwalba ko ƙaramin cokali, a ƙirga sau nawa ake cika shi kafin sikeli ya nuna giram 100, daga nan a san ma'aunin kowane rami. A soka ƙasa kamar tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka, a zuba, a rufe.

Mataki na 8: A ba da yuriya, a karanta ganye

Daga mako na huɗu zuwa na shida, lokacin da masara ta kai gwiwa, take fara cin naitirojin da yawa, kuma a daidai wannan lokaci takin gargajiya ba ya iya sakin abin da take nema da saurin da take nemansa. Wannan ne dalilin da ya sa na ce a bar yuriya. A fara cire ciyawa, a jira ƙasa ta kasance da danshi, a ba kowane rami kusan giram 5, a binne, ko a bi da ban ƙasa nan take. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa a rana kaso mai yawa nata iska ke tafiya da shi. Kada a haɗa ta da toka, kada kuma a zuba ta a inda ruwa ya kwanta. A ƙasa mai rairayi ya fi kyau a raba ta biyu, rabi a mako na huɗu, rabi kafin masara ta fitar da fure.

Daga nan sai a riƙa zagaya gona ana duba ganye. Idan ganyen ƙasa ya fara rawaya daga tsininsa yana bin jijiyar tsakiya, naitirojin ne ya gaza, kuma idan hakan ya bayyana kafin fure a ɓangaren da aka rage taki alhali kunyoyin gwaji suna kore, a ƙara yuriya kaɗan ba tare da jinkiri ba. Ganyen ƙaramar shuka da ya yi ja-ja mai duhu alamar ƙarancin fosfaras ce, ƙonewar gefen tsohon ganye ta fotash ce, fararen layuka a sabon ganye kuwa sau da yawa zinki ne. Takin gargajiya yakan ƙara yawan ciyawa idan bai ruɓe sosai ba, don haka kada a jinkirta noman farko. Ƙuduji idan ya fito a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙona shi a wajen gona, kada a jefa shi cikin tarin taki.

Mataki na 9: A auna girbi, a tsara shekara mai zuwa

A girbe kunyoyin gwaji daban, a girbe wasu goma masu tsawo ɗaya da ke kusa da su daga ɓangaren da aka haɗa taki, a shanya, a ɓare, a auna tsabar a sikeli. Ido yana ruɗi a nan, domin kara mai tsawo ba kullum yake ba da tsaba mai nauyi ba. Idan nauyin ya zo ɗaya ko kusa, ragin ya yi daidai. Idan ɓangaren haɗin ya gaza sosai, a koma littafi a duba: ko takin bai kai yawan da aka lissafa ba, ko bai nuna ba, ko ya daɗe a rana.

Bayan girbi kada a ƙona kara. A bar wani a gona ya rufe ƙasa, gara da tsutsotsin ƙasa su mayar da shi taki, wani kuma a kai wa dabbobi ya dawo a matsayin kashi. A shekara ta biyu, idan aka sake zuba tan 5, ragowar takin bara zai haɗu da na bana, sai a iya saukar da kamfa zuwa buhu 5, a shekara ta uku zuwa 4, kullum ana barin kunyoyin gwaji a wurinsu na farko. Yuriya ana fara taɓa ta ne idan masarar ta biyo bayan waken soya ko gyaɗa ko wake, waɗanda saiwarsu ke tara naitirojin daga iska, ko kuma idan da kashin kaji ake aiki, kuma ko a nan rabin buhu ake cirewa a hekta a ga abin da sikeli zai nuna kafin a ƙara.